Daga Shanun Huɗar En'e Zuwa Anchor Borrowers: Tarihin Bashin Noma da Kare Ƙasa a Kano



Kwanakin baya da la'asar na taso daga Kwaciri na gangara bakin rafin Jakara, ta wajen Kwakwaci, inda masu lambu suke noma latas da alayyahu da kabeji da karas. Na tsaya gaida wani dattijo abokin mahaifina, wanda yake wannan sana'a tun ba a haife ni ba. Cikin hira na tambaye shi ko ya taɓa samun bashin noma na gwamnati. Sai ya yi dariya, ya ce an rubuta sunansa har sau uku a zamani daban-daban, an ɗauki hotonsa, amma ko buhun taki bai taɓa gani ba. Ya ce duk inda maganar ta kai, a kan takardar gona take tsayawa, shi kuwa filin da yake nomawa aro ne, kuma kullum gine-gine ƙara matso shi suke yi.

Tun daga ranar nake bibiyar tarihin abin. Yau kusan shekara ɗari ke nan hukuma tana fito da shirye-shiryen ba manomi rance da na kare ƙasar noma a Kano. Wasu sun yi amfani ƙwarai, wasu sun tafi da kuɗin jama'a. Tunda ga wasu sababbi sun shigo, ya kamata mu san inda aka fito.

KAFIN HUKUMA TA SHIGO

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin Kano ya san rance tun kafin a san banki. Idan rumbu ya ƙare a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma aikin gona ya fi yawa, sai ya je wajen mai hali ya karɓi dami ko 'yan kuɗi, ya biya da kaka. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya ba da gonarsa jingina. Akwai aron gona, akwai adashi, akwai gayya da ake taruwa a nome wa mutum gonarsa, ga zakka da ake fitarwa bayan girbi. Ba duka ne masu daɗi ba, don akwai bashin da mutum zai karɓi buhu ɗaya ya mayar da biyu, kuma malamai sun daɗe suna tsawatarwa a kansa. Amma mai ba da bashin ya san gonar, ya san mai gonar, kuma yana bayarwa a ranar da ake bukata.

Ta fuskar kula da ƙasa kuwa, karkarar da ta kewaye birnin Kano ta yi suna a duniya. Ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutuwa. Da rani jakuna suke fita da takin birni, wato toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gonaki, su dawo da itace da hatsi. Manomi yana haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ya tara harawa don dabbobinsa, ya bar ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo a tsaye cikin gona. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yawan jama'a bai cinye bishiyoyin gonakin Kano ba, domin kowace bishiya tana da mai ita.

JIRGIN ƘASA, GYAƊA DA HARAJI

Turawa sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka fara jigilar kaya a 1912. Burin Turawa shi ne a noma musu auduga, sai manoma suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana cin ta idan shekara ta ƙi, ga harawarta abincin dabbobi. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta kai kusan tan 19,000, mafi yawanta daga Kano. A wannan zamanin ne Fagge, tsohon masaukin fatake da Buzaye, ya sami sabon maƙwabci, wato Sabon Gari, aka kuma buɗe kantunan kamfanonin Turawa kusa da tasha.

Nan aka sami sabon nau'in bashi. Kamfani ya ba babban dillali kuɗi, dillali ya raba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manoma kafin kaka, da sharaɗin za a kawo musu gyaɗa. Alhassan Ɗantata shi ne ya fi shahara a cikin waɗannan attajirai. A ɗaya gefen kuma ga haraji da ya koma na tsabar kuɗi, wanda dole a biya ko an samu ko ba a samu ba. Da fari ya zo a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, mutane da yawa suka rasa rayukansu a ƙasar Kano. Daga lokacin, bashin manomi ya haɗu da abu biyu da ba su hannunsa: farashin gyaɗa a Turai da ranar karɓar haraji.

SHANUN HUƊA DA MALAMIN DAJI

Bashin noma na hukuma na farko da ya yi tasiri a Arewa ya fara ne a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da O. T. Faulkner yake shugabancin ma'aikatar gona. Tsarin shi ne baitulmalin En'e ya ba manomi bijimai biyu da garma bashi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin 'yan shekaru. Abin sha'awa, manufar ta haɗa rance da gyaran ƙasa a wuri ɗaya: shanun su yi huɗa, kashinsu ya zama taki, idan sun tsufa a kiwata su a sayar a sayi wasu. Shirin ya bazu a hankali, kuma garmar shanu da muke gani yau a ƙauyuka daga nan ta samo asali.

Sai dai tun a lokacin aka ga matsalar da za ta yi ta maimaituwa. Bashin yana bi ta hannun hakimi da dagaci, su ne masu shaidar wanda ya cancanta. Kuma garma tana bukatar gona mai faɗi da abincin shanu na tsawon rani. Don haka masu sarauta da masu hali suka fi amfana. Talakan da ke kewayen birni, mai 'yar gona da jaki ɗaya, ya ci gaba da fartanyarsa.

A ɓangaren daji, dokar 1916 ta ba hukuma ikon keɓe gandun daji, dokokin En'e kuma suka sa wasu bishiyoyi cikin jerin waɗanda ba a sarewa sai da izini, ko da a gonar mutum suke. Dajin Falgore da ke kudancin Kano yana cikin abin da muka gada daga irin wannan keɓewa. A 1935 wani malamin daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya tayar da hankalin hukumomi da cewa Sahara tana gangarowa, ta kusa cin Arewacin Najeriya. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zaga iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na tafiya kamar yadda aka faɗa ba, amma akwai lalacewar ƙasa a wurare saboda yadda ake amfani da ita. Duk da haka tsoron ya zauna, ya ƙara wa malamin daji ƙarfi. Keɓe dazuka ya ceci wurare da dama, ba a musu. Amma ya koya wa manomi wani mummunan darasi: bishiyar da ta girma a gonarka tana iya jawo maka tara, don haka gara ka cire ta tun tana tsiro.

INA KUƊIN DALAR GYAƊA?

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma Jihar Arewa ta sami tata hukumar ciniki. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashin da za a biya manomi. A mafi yawan shekaru farashin yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma tana shiga asusun hukuma. Da irin wannan kuɗi aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu, da shi kuma aka riƙa ba hukumar raya Jihar Arewa jarin da take ba da rance. Ƙungiyoyin gama kai, waɗanda dokarsu ta fito tun 1935, sun riƙa ba membobinsu ɗan rance kafin kaka. Amma manyan basussukan sun fi tafiya wajen 'yan kasuwa da masu motocin sufuri da waɗanda ke kusa da masu mulki.

Wannan wuri ne da ya kamata mu riƙe. Idan aka ce gwamnati ta taimaki manomi da bashi a wancan zamani, to da kuɗinsa aka ranta masa, kuma kaɗan ne daga ciki ya dawo hannunsa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta guminsa ce aka jera.

AUDU BAƘO, FARI DA KUƊIN MAI

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya mulke ta har 1975. Shi ya ɗauki maganar ruwa da gaske. Aka gina dam ɗin Bagauda, aka gama na Tiga a 1974, aka shimfiɗa aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura, wanda aka tsara wa kashinsa na farko hekta kusan 22,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya nuna cewa ya yi hangen nesa. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kusa shafe ta, ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Tumatir da shinkafa da alkamar da ake nomawa a Kura da Bunkure da Garun Malam yau albarkar wancan aiki ce. Amma ruwan da aka tare a sama ya ragu a ƙasa: fadamun Haɗeja da Nguru sun rasa ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai shirye-shirye suka yi ta fitowa daga Legas. A 1973 aka kafa bankin manoma na ƙasa mai hedikwata a Kaduna, wanda bayan sauye-sauyen suna da haɗe-haɗe ya zama Bankin Manoma na yanzu a 2010. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa na OFN, ta karya farashin takin zamani, aka kuma kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. A 1980 Shagari ya zo da nasa shirin na juyin noma.

Wanda ya fi daɗewa a cikinsu shi ne asusun lamunin bashin noma da aka kafa da doka ta 20 ta 1977, ya fara aiki a 1978 a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Yadda yake aiki shi ne: bankin kasuwa ya ba manomi bashi, idan manomin ya kasa biya, asusun ya mayar wa bankin kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. Har yau yana nan. Gyaran dokar da aka yi a 2019 ya ɗaga bashin da za a iya bayarwa ba tare da jingina ba daga naira 20,000 zuwa naira 100,000. Duk wanda ya je sayen taki a 'yan shekarun nan ya san iya inda dubu ɗari za ta kai shi.

A 1978 ɗin dai aka yi dokar mallakar ƙasa, wadda ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Banki yana son takardar shaidar mallaka kafin ya ba da kuɗi mai kauri. Manomin ƙauye gadon gonarsa ya yi, shaidarsa dagaci da maƙwabta. Mai lambun birni kuwa sau da yawa aro ko haya yake. Ranar da aka bukaci filin, diyyar da doka ta tanada ta amfanin da ke kai ce da abin da aka gina. Ta haka tsofaffin ma'aikata da manyan 'yan kasuwa masu takarda suka zama su ne manoman da banki ya sani.

KNARDA DA INJIN BAN RUWA

Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali, abin da ya sauke wa talaka ɗaya daga cikin dalilan cin bashin dole. A farkon shekarun 1980, bayan gwajin da aka yi a Funtuwa da Gusau da Gombe da kuɗin Bankin Duniya, Kano ta sami nata shirin: hukumar KNARDA mai kula da malaman gona da hanyoyin karkara da rijiyoyi, da kamfanin KASCO mai sayar da taki da iri da magani. A lokacin Jigawa tana cikin Kano, sai 1991 aka raba.

A ganina, abin da ya fi canza rayuwar ƙaramin manomi a duk wannan tarihi ya fito ne daga nan, kuma ba wani ƙaton aiki ba ne. Ƙaramin injin ban ruwa ne mai shan fetur, da 'yar rijiyar bututu da ake haƙawa a fadama cikin yini ɗaya. Kafin su da jigo ake ban ruwa, mutum ya wuni yana ja bai shayar da wani abin kirki ba. Da inji ya zo, aka sayar da shi da rangwame ko bashi, mai lambu ya ninka filinsa, ya biya kuɗin cikin rani ɗaya ko biyu. Wannan nasara ce ta haifi shirin Fadama na ƙasa a farkon shekarun 1990, aka yi na biyu, aka yi na uku daga 2008. Dalilin nasarar a fili yake. Kayan ya yi daidai da girman gonar talaka, yana hannunsa, makanikin unguwa yana iya gyara shi, kuma amfanin da yake fitarwa yana da kasuwa a 'Yankaba da Sabon Gari washegari.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rushe hukumomin ciniki, darajar naira ta faɗi, rangwamen taki ya riƙa raguwa yana dawowa. Takin gwamnati ya zama kayan siyasa: a raba wa masu uwa a gindin murhu, su sayar wa 'yan kasuwa, manomi ya saya a hannu na uku bayan shuka ta wuce lokacin sa taki.

SHINGEN BISHIYOYI DA DARASIN MARAƊI

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gwamnati ta dasa dogayen layukan bishiyoyi a arewacin jihar, wajen Ɗambatta da Kazaure da Gumel, don su karya iska su hana rairayi binne shuka. Turare da darbejiya aka fi dasawa. Layukan sun rage ƙarfin iska, wasunsu suna nan har yau. Amma binciken da aka yi a Yambawa ta ƙasar Ɗambatta ya nuna cewa saiwar turare tana shiga gona ta shanye ruwan geron da ke kusa da ita, ga inuwa, ga filin da manomi ya rasa, kuma bishiyar ta hukuma ce, ba shi da ikon taɓa ta. Wanda aka dasa wa abu a gonarsa ba da shawararsa ba, da wuya ya yi masa gadi.

A daidai wannan lokaci 'yan uwanmu na Maraɗi suka bi wata hanya. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara kututturan bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya. Suka kira abin sassaben zamani. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. Abin da ya sa ya bazu shi ne hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce, zai sari reshenta ya yi girki ko ya sayar ba mai kama shi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da bishiyoyi kusan miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Idan muka duba da kyau, abin da kakanninmu suke yi ne a kewayen Kano kafin dokar daji ta shiga tsakaninsu da bishiyarsu.

Nijar ɗin dai ta gwada wani tsarin rance da ya dace da mu. Da kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, ƙungiyar manoma ta zuba amfaninta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen mai ba da rance. A ba su kuɗi a kan hatsin, su yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi su biya su kwashi kayansu. Hatsin shi ne jinginar, ba a tambayar kowa takardar gona.

DAGA TAKIN WAYA ZUWA DALAR SHINKAFA

A 2012, zamanin Jonathan, ministan gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin tura wa manomi saƙo ta wayar hannu, ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Ya rage 'yan tsakiya, duk da matsalar sabis da jinkirin biyan diloli. Da gwamnati ta canza, shirin ya shuɗe.

Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Tsarin a takarda yana da kyau: a haɗa ƙananan manoma rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da magani bashi a kan kuɗin ruwa da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, da kaka su kai amfanin ga kamfanin da zai saya, a cire bashin. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita a Kano, a Janairun 2022 har aka jera dalar shinkafa a Abuja. Amma da aka zo lissafi a farkon 2023, Babban Banki ya ce ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kusan kashi 52 cikin 100 na abin da lokacin biyansa ya yi ne ya dawo. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce abin da aka biya bai wuce kashi 24 ba. A ƙarshen shekarar sabon shugabancin bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ambaliya, musamman ta 2020 da 2022, akwai rashin tsaro da ya hana wasu zuwa gona. Akwai kayan da suka iso bayan damina ta yi nisa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba amma sunansu ya shiga, suka sayar da kayan a bakin sito. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai manoman da suka samu, suka girbe, suka ƙi biya, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ga na bayansa, kuma bashi yana nan a wuyansa har gaban Allah.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba su nema ba saboda tsoron riba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Kano, amma sai a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin shiga irin waɗannan shirye-shirye ta bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Alhali fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da bayanin cinikin salam, inda ake biyan manomi kuɗin amfani tun kafin girbi a kan mudu da lokaci sananne.

INDA MUKE YAU

Yanzu akwai Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Kano tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa a Najeriya. An kuma kawo shirin noma da kiwo na jiha, KSADP, da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Akwai ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yana aikin gyaran ƙasar da ta lalace da magance zaizaya, yana kuma da asusun rance mai juyawa da ake ba ƙungiyoyin al'umma. Mu tuna cewa mafi yawan wannan kuɗi rance ne a kan ƙasa. Ko an yi aikin ko ba a yi ba, mu matasa da 'ya'yanmu ne za mu biya.

Idan na tattara abin da na fahimta, shirin da ya yi aiki shi ne wanda ya zo da abin da ya dace da ƙaramar gona, ya iso kafin ruwan shuka, kuma ya bar mallaka a hannun manomi, ko ta inji ce ko ta bishiya. Wanda ya faɗi kuwa yawanci ya bi ta hannun masu rubuta suna, ko ya nemi takardar da talaka ba shi da ita. Kuma tun bayan shanun huɗa, an fi raba maganar rance da maganar gyaran ƙasa, kowacce da ofishinta, alhali wanda bai tabbata zai noma fili baɗi ba, ba zai zuba masa taki ko ya dasa bishiya ba.

Wannan ya dawo da ni bakin Jakara. Rafin nan yana ɗauke da dattin birni, a gaba kuma rafin Getsi ya haɗe da shi da ruwan masana'antun Bompai, kafin su zuba a dam ɗin Wasai ta Minjibir. Masana a jami'o'inmu sun sha gargaɗi a kan sinadaran da ke cikin ruwan, kuma ganyen da aka shayar da shi a tukwanenmu yake ƙarewa. Masu lambun nan suna cikin birni, don haka shirin karkara ba ya ganinsu, hukumar tsara birni kuma fili take gani da ba a gina ba tukuna. Abin da suke bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da jiha ba: a keɓe bakin rafin a rubuce a matsayin wurin noma na wasu shekaru sanannu, a ba ƙungiyarsu rancen rijiyar bututu don su daina dogaro da ruwan kwata, a karɓi shaidar ƙungiya a madadin takardar fili, a kuma tilasta wa masana'antu tace ruwansu.

Mu ma da muka yi boko akwai namu. Mu taimaka wa iyayenmu su yi wa ƙungiyoyinsu rajista, mu karanta musu sharuɗɗa kafin su dangwala hannu, mu tambayi kansila da ofishin gona na ƙaramar hukuma jerin sunayen waɗanda suka amfana, wanda ya karɓa kuma mu tuna masa ya biya.

Iyayenmu da yayyenmu da suka ga zamanin jigo, ko suka karɓi inji a hannun KNARDA, ko suka shiga Anchor Borrowers, don Allah ku ba mu labarin yadda abin ya kasance a garuruwanku. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya rufa mana asiri, Ya ba masu bashi ikon biya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.